Bangon mujallar ɗalibai: fuskar wa muke son gani?

Idan shekarar karatu ta doshi ƙarshe, wajajen watan Mayu da Yuni, ƙananan mujallu kan fara ɓullowa a lise-lise da jami'o'in ƙasar nan. Wata ta ƙungiyar masu sha'awar adabi ce, wata ta ɗaliban sashe ɗaya, wata kuma ta ƴan jiha ɗaya da karatu ya haɗa su a Yamai. Abin farin ciki ne, domin yaron da ya zauna ya rubuta labari, ya nemi hoto, ya bi abokansa da magiya su kawo nasu rubutun, ya koyi abin da ba a koyarwa a allo.

Amma in ka tara waɗannan mujallu ka jera su bisa tabarma, ta Maraɗi da ta Damagaram da ta Tawa, sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Shugaban makaranta ne a tsakiyar bango, zaune bayan tebur, da bik a hannu kamar mai shirin sa hannu a yarjejeniya. A gefensa ga alhajin da ya biya kuɗin bugu. A sama tuta, a ƙasa tambura biyar ko shida a jere. Abin da ya rage na fili an cika shi da kanun labarai, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowane da irin haruffansa. Su kuwa ɗalibai, masu mujallar, sai ka yi nisa a ciki kafin ka gan su a tsaye cikin layi, fuskokinsu ƙanana kamar ƙwayar gero.

Ra'ayina a nan ɗaya ne. Bangon mujallar ɗalibai na ɗalibai ne, kuma duk wata shawara ta zane, daga suna har launi, daga nan take tasowa. Wanda ya san da wa yake magana ba zai sha wahalar zaɓen hoto ba. Wanda bai sani ba, ko an ba shi kwamfutar da ta fi kowace tsada a Yamai, allon godiya zai fitar.

Aikin da bango yake yi

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Bango shi ne fuskar mujalla, kuma lokacin da yake da shi na yin magana bai wuce ƙiftawar ido biyu ko uku ba. A cikin wannan ɗan lokaci dole ya amsa tambayoyi uku: wace mujalla ce wannan, me ta zo da shi wannan karon, kuma ni me ya shafe ni. Mai tumatir a kasuwar Dole ta Damagaram ta san wannan ilimin ba tare da ta shiga aji ba. Ba ta juye duk kwandon a gaban mai saye. Masu kyau take zaɓa ta ɗora a sama, ta bar fili tsakanin kashi da kashi yadda ido zai san inda zai sauka. Yawancin bangayen da nake gani juye kwando suke yi. Komai na ciki sai an nuna shi a waje, saboda kowane ɗan kwamiti yana son a ga nasa. Ƙarshenta ba a ganin na kowa.

Hoto ɗaya, kuma namu

Abu na farko da zan roƙi masu shirya bango shi ne su tsaya a kan hoto ɗaya. Babba, wanda ya cika fili, wanda aka ɗauka kusa. Hoton mutum arba'in a tsaye a gaban ofishin darakta yana da amfani ga mutum arba'in ɗin da iyayensu. Hoton mutum ɗaya da aka ɗauka kusa, ana ganin idonsa da abin da hannunsa ke yi, yana magana da kowa.

Kuma abin ɗauka bai ƙare mana ba. Ga yarinya tana bitar jarrabawar BEPC da hasken waya saboda an ɗauke wuta. Ga yara huɗu a matse a benci ɗaya. Ga ɗalibin ƙauye da ke zaman haya da abokansa a gari, yana dafa shinkafa da wake da kansa. Ga mai kosai ta bakin ƙofa da ta fi kowane malami sanin wanda bai karya kumallo ba. Ga ƴan Jami'ar Abdu Mumuni suna tsallaka gadar Kennedy da sassafe, gadar da ɗalibai uku suka rasa rayukansu a bakinta ranar 9 ga Fabrairu 1990, abin da ya taimaka wajen buɗe ƙofar dimokuraɗiyya a ƙasar nan. Ga azuzuwan zana, waɗanda kowa ya tuna gobarar da ta cinye yara a cikinsu a Yamai a watan Afrilun 2021, da wadda ta biyo baya a Maraɗi a watan Nuwamban shekarar. Duk wannan rayuwar makarantunmu ce, mai daɗi da marar daɗi. Babu mai ɗaukar hoto daga waje da zai gan ta yadda ɗan cikinta yake ganin ta.

Akwai wata sabuwar cuta da ta shigo, wadda a ganina ta fi hoton darakta muni. Ita ce ta sauko da hoto daga intanet, ko a sa manhaja ta ƙirƙiro shi: matasa cikin baƙar alkyabbar kammala karatu irin ta Amurka suna jifa da huluna sama, ko ɗakin karatu mai hawa biyar da ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba. Hoton yana da kyau, babu musu. Amma saƙon da yake isarwa ga yaron da ya riƙe mujallar shi ne: kai da makarantarka ba ku kai a ɗauke ku hoto ba. Gara hoton waya mai ɗan duhu na harabarmu da ƙurarta da bishiyar dogonyaronta, da hoton aro mai ƙyalli.

Sai dai hoton mutum yana da haƙƙi. Kafin a sa fuskar wani a bango a tambaye shi, a gaya masa a fili inda hoton zai je, domin yau mujalla ba ta tsayawa a harabar makaranta, WhatsApp take shiga ta zagaya gari. Idan ɗan koleji ne ko ƴar lise da ba ta kai shekara 18 ba, a nemi yardar iyaye. Kuma kada a mai da fuskar ƴa mace abin jan ciniki. A sa ta domin abin da ta yi: ta ci gasar lissafi, ta rubuta wasan kwaikwayo, ta jagoranci abokanta suka gyara famfo. Idan labarin mai nauyi ne, kamar na wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure, ba sai an nuna fuska ba. Hannu da littafi, ko benci babu kowa, ya isa.

To, wanda ya biya fa?

Na san abin da za a ce mini, kuma magana ce mai ƙarfi. Ɗalibai ba su da kuɗin bugu. Darakta ne ya ba da izini, ya ba da ɗaki da kwamfuta. Alhaji ne ya ba da jikkunan da aka kai maɗaba'a. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ban da haka, tarbiyyarmu ta koya mana girmama na gaba, kuma yaron da ya ture hoton malaminsa ya sa nasa ana iya kiransa marar kunya. Wani ma zai ce idan aka bi shawarata, baɗi babu mujallar gaba ɗaya.

Ban raina wannan ba. Godiya wajibi ce. Amma godiya tana da mazauninta. Shafi na 2 ko na 3 shi ne wurin jawabin shugaban makaranta, da hotonsa babba yadda ya kamata. Bangon baya kuwa na mai tallafi ne, kuma a gaya masa gaskiya: a manyan mujallun duniya bangon baya yana cikin wuraren da suka fi tsada ga masu talla, saboda duk wanda ya ajiye mujalla a kife shi yake gani. Ɗan kasuwar da ya san ciniki zai fi son cikakken shafi nasa shi kaɗai, da sunan shagonsa da inda yake, a kan a matse fuskarsa a kusurwa tsakanin tuta da tambari. Kuma mujallar da ɗalibai suke wawaso, suke aron ta daga hannu zuwa hannu, ta fi yi masa amfani a kan wadda aka raba ranar biki aka shimfiɗa aka zauna a kai.

Abin da na lura da shi kuma shi ne, sau da yawa shugaban bai ma nema ba. Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wani ne a cikin kwamiti, ko malamin da ke kula da su, yake gaggawar cewa a sa mai gida a gaba kada a samu matsala. Da za a je da ladabi a nuna wa shugaban zane biyu, a ce ga wanda muke ganin yara za su fi karantawa, ga kuma shafinka a ciki, da yawa daga cikinsu za su amince, wasu ma su ji daɗi.

Ba ina cewa babba ba zai taɓa hawa bango ba. Malamin da ya shekara talatin yana koyar da lissafi zai yi ritaya, ai shi ne labarin wannan fitowar, a sa shi. Amma a ɗauke shi da alli a hannu a gaban allo, yadda ɗalibansa suka san shi. Ƙa'idar ita ce, mutum yana hawa bango saboda labarinsa.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan ya wuce maganar ado. Waɗannan yara su ne ƴan jaridar gobe, su ne za su riƙe ofisoshin yaɗa labarai na ma'aikatu da gidajen rediyo. Idan darasin farko da suka koya shi ne shafin farko na mai mulki ne da mai kuɗi, kada mu yi mamaki nan da shekara goma sha biyar in mun buɗe jarida mun tarar da buɗe taro da rufe taro, babu manomi, babu majinyaci, babu ɗan makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Suna, da riƙon suna

Bayan hoto sai suna. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ta haɗa farashi da alkawari da raha a cikin kalmomi huɗu. A nan gida, jaridar Haske da ta fito a 1990 da Faransanci ake rubuta ta, amma sunanta na Hausa ne, gajere, kowa yana iya faɗinsa, daga ɗan boko har mai shayi. Mujallun ɗalibanmu kuwa kusan duka murya ce ko amo: muryar ɗalibi, amon lise, muryar matasa. Suna ne da ba ya ɓata wa kowa rai, kuma ba ya zama a kan kowa. A nemi kalma ɗaya ko biyu daga bakin ɗaliban kansu, daga sunan bishiyar da suke zama ƙarƙashinta, ko laƙabin da unguwa ke kiran makarantar da shi.

In an samu suna a ba shi saman bango, da manyan haruffa, kada a jingina masa komai. Dalilin mai sauƙi ne: idan mujallu suna jibge ko wani ya riƙe ta a hannu, sama ake fara gani.

Sannan a riƙe shi. Mujallar Time ta Amurka tana da jan layi kewaye da bangonta tun 1927. National Geographic da ruwan ɗorawar gefenta ake gane ta daga nesa. Hoto yana canzawa kowace fitowa, amma gidan da hoton ke zama a ciki ba ya canzawa. Mu kuwa kwamitin ɗalibai shekara ɗaya yake yi, kuma kowane sabon shugaba aikinsa na farko shi ne sauya tambari da launi don a san ya zo. Sai mujallar ta shekara goma tana fitowa amma kullum baƙuwa ce. Kwamiti mai barin gado ya bar wa mai zuwa fayil ɗin sunan, da sunan haruffan da aka yi amfani da su, da launin. Mai zuwa kuma ya nuna bajintarsa a labarai.

Haruffa masu ƙugiya

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, da manyansu Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ. Ƙa'idar rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta ƙasar nan ta tsayar a 1999 ta tabbatar da su, kuma tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. To amma yawancin haruffan ado da ke cikin Canva da sauran manhajojin zane ba su san waɗannan baƙaƙe ba. Sai ka rubuta ɗalibai, harafin farko ya fito da wani fasali daban kamar baƙo a cikin dangi, ko ya koma ɗan akwati. Mai zane ya gaji, ya cire ƙugiyar. A nan ne baƙi suke komawa baki, ƙasa ta koma kasa, faɗa ya koma fada. Kanun da ya ce matasan ƙasa, in ƙugiya ta faɗi, ya zama wani abu da ba a yi niyya ba. Sunan Maraɗi ma da ƙugiyarsa, kuma abin kunya ne mujallar ƴan Maraɗi ta kasa rubuta sunan garinta.

Maganin kyauta ne. Haruffan Charis da Andika da Gentium na ƙungiyar SIL, da dangin Noto na Google, duk suna ɗauke da baƙaƙenmu, kuma ba a biyan ko dala. Kafin a zaɓi kowane irin haruffa, a buga waɗannan takwas ɗin a gani. In ɗaya ya karkace, a bar shi komai kyansa. Kuma iri biyu sun isa bango: ɗaya na suna da babban kanu, ɗaya na sauran.

Game da harshe, ina goyon bayan a ga Hausa a bango, a rubuce daidai. Amma ajinmu ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari da Tubawa da sauransu a benci ɗaya. Mujallar lise a Tasawa ko Madawa tana iya sa babban kanunta da Hausa ba tare da ta bar kowa a baya ba. Ta jami'a a Yamai kuwa sai ta duba masu karatunta. Abin da ban so shi ne a rubuta kowane layi sau biyu, Faransanci a sama Hausa a ƙasa, har bango ya koma takardar asibiti. A zaɓi harshen babban kanu, ƙananan kuma su bi harshen labarin da suke nunawa a ciki.

Kanun labarai

Babba ɗaya, ƙanana uku, shi ke nan. Babban ya tafi da hoton, su zama magana ɗaya. Kuma ya faɗi wani abu. Ilimi gishirin zaman duniya gaskiya ne, amma ba wanda zai buɗe mujalla saboda shi, don kowa ya riga ya yarda. Haka nan matasa manyan gobe. Kwatanta su da irin waɗannan: Mu huɗu a benci ɗaya. Ina kuɗin makon al'adu suka shiga? Na faɗi BAC sau biyu, ga abin da na koya. Wa ke share ban-ɗakinmu? Waɗannan tambayoyi ne da yara ke yi a bakin ƙofa, kuma wanda ya gani sai ya so jin amsa.

A sa lambar shafi kusa da kowane kanu. Kuma alkawarin da bango ya ɗauka, ciki ya cika shi. Idan an ce hira da wane, kada a tarar da layi uku da aka kwaso daga Facebook. Idan an yi tambaya a kan kuɗi, a tabbata an je an ji ta bakin wanda ya riƙe kuɗin kafin a buga. Bangon da ya yi ƙarya sau ɗaya, fitowa ta gaba ba mai kallonsa, kuma yana iya ja wa yara fitinar da ba su shirya mata ba.

Fili ma a bar shi. Akwai masu ganin duk inda farar takarda ta rage an yi asarar kuɗi. Ɗakin amarya ma da ake cika shi da jere, ana barin wurin da mutum zai taka.

Launi da aljihu

Launin da ake gani a fuskar kwamfuta haske ne, na ja da kore da shuɗi. Na takarda tawada ce kala huɗu. Shi ya sa shuɗin da ya yi ƙyalli a allo yakan fito a dushe daga maɗaba'a. Fiye da haka, mu san gaskiyar aljihunmu: da yawa daga cikin mujallun nan a na'urar fotokopi za su ƙare, baƙi da fari. Jan rubutu a kan kore, wanda masu son launin tuta suke yawan yi, in ya bi ta fotokopi duka biyun toka-toka suke komawa, rubutun ya ɓace. Ko a launi ma akwai mutanen da idonsu ba ya bambanta ja da kore sosai. Rubutu mai duhu a kan fili mai haske, ko mai haske a kan mai duhu, shi ne abin da ba ya ba da kunya. Launi ɗaya mai ƙarfi tare da baƙi ya fi bakan gizo kyau, ya kuma fi araha.

Akwai ƴan ƙa'idojin maɗaba'a da ya kamata kowane kwamiti ya sani kafin ya kai aiki. Takardar A3 in an naɗe ta biyu tana ba da shafi huɗu na A4, don haka yawan shafuka sai ya zama 8 ko 12 ko 16, haka dai. Idan hoto zai kai bakin takarda, a bar masa rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, kuma kada a kai rubutu gab da baki. Hoton da zai cika A4 ya fito tas yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wato wajen 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Wayoyi da yawa na yanzu suna iya ɗaukar haka. Abin da ke kashe hoton shi ne tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin manhajar tana matse shi. A tura shi a matsayin fayil, ko a kwafe shi da kebul.

Sannan a tuna cewa yau mutane da yawa a waya za su fara ganin bangon, ƙarami kamar akwatin ashana a cikin zauren WhatsApp. In a wannan girman ba a karanta sunan da babban kanu, aikin bai yi ba.

Adon gida

Masu neman abin ƙawata bango ba sai sun je nesa ba. Zanen da ke jikin gidajen unguwar Birni a Damagaram, zayyanar da alarammomi ke yi wa allo in yaro ya sauke, aska takwas ta babbar riga, dagi, sassaƙar ƙwarya, saƙar tabarma, ƙirar azurfar Agadas, duk ilimin tsara fili ne da layi da kakanninmu suka gama ƙwarewa a kai. A ɗauki ɗaya, a yi siririn layi da shi a gefe ko a ƙarƙashin suna, ya zama alamar mujallar ta dindindin. Ɗaya na ce, kada a kwaso su duka a mai da bango rumfar baje koli. Ɗan makarantar allo mai kyan hannu yana iya rubuta sunan da ajami a gefen na boko. Kuma kowace makaranta tana da yaron nan da ke zama a bayan aji yana zana malamai a bangon littafinsa. A nemo shi. Zanen hannu yana jure fotokopi fiye da hoto, kuma wani lokaci yana faɗin abin da hoto ba zai iya faɗi ba.

Ƙananan rubutu masu tsawon rai

Abin da aka fi mantawa shi ne mafi sauƙi: lambar fitowa, wata da shekara, cikakken sunan makaranta da garin, da farashi. In dala hamsin ce a rubuta 250 F, in kyauta ce a rubuta kyauta, don kada wani ya sayar da abin da aka ce a raba. Layi ɗaya ne ƙarami a ƙarƙashin suna. Amma nan da shekara ashirin, in wani ya tsinci mujallar a ƙasan akwatin mahaifiyarsa, wannan layin ne zai mai da ita tarihi. Jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su daɗe da kafuwa ba, kuma abin da ɗalibansu na yanzu suke bugawa shi ne zai zama shaidar yadda aka fara. A kai kofi biyu ɗakin karatu na makaranta, a ajiye fayil ɗin a wurin da ba wayar mutum ɗaya ba.

Kafin a kai maɗaba'a

Gwaji uku nake ba kowane kwamiti shawara ya yi. A buga bangon baƙi da fari a ga abin da ya rage. A tura shi waya a dube shi ƙarami. Sannan a liƙa shi a bango, a kira ƙaramin ɗalibi wanda ba ya cikin kwamiti, a tsayar da shi taku biyar baya, a bar shi ya kalla ɗan lokaci kaɗan, a juya shi a tambaye shi abin da ya gani. In ya faɗi sunan mujallar da babban labarinta, a kai bugu. In ya ce ya ga darakta, a koma a zauna.

Ga malamai da shugabannin makarantu kuma, roƙona ƙarami ne. Ku karanta abin da yaran suka rubuta, ku gyara musu kuskure, ku hana su cin mutuncin kowa, wannan aikinku ne. Amma in sun zo da zanen da fuskarku ke tsakiya, ku ne za ku fara cewa a cire. Yaran da kuka koyar suka iya fitar da mujallar da ake rububin karantawa, wannan ya fi kowane hoto nuna ko ku su wane ne.

Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka.